Sunan "Nijar": daga Latin ko daga Tamajak?

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa sunan Nijar ya fito daga kalmar Latin "niger", watau baƙi. Wannan bayani yana da rauni, domin ba shi da hujja sai kamancin lafazi, kuma kama da wane ba wane ba ne.

Tun ƙarni na 2, Batlamiyus, wanda ya yi rubutu da Girkanci, ya ambaci kogunan Gir da Nigir a Afirka. Saiwar "gir" ta fi kusa da "egerew" ta Tamajak, ma'ana babban ruwa. Abzinawa kan ce "egerew n-igerewan", kogin koguna. Littafin Hasan Alwazzan, da aka buga a Venis a 1550, ya yaɗa sunan a Turai, inda aka danganta shi da launi.

Mazauna bakin kogin kuwa suna da nasu sunaye: Zabarmawa na cewa Isa Beeri, babban kogi, Mandinka, Joliba, Hausawa, Kwara.

Saboda haka ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su gabatar da bayanin Tamajak a matsayin mafi rinjaye, su daina koya wa ɗalibi cewa sunan ƙasarsa launin fatarsa ne.