Bashin da Ke Bayan Takobi: Nazarin Wasannin Jarumta na Ƙasar Sin

Wanda ya taso da fim ɗin Chana na gidan silima ya san abin da yake nema. Ga akta, ga bos, an kashe malami, yaro ya shiga horo, ya dawo ya rama, cikin awa ɗaya da rabi kowa ya kama gabansa. Idan irin wannan mai kallo ya karɓi ɗaya daga cikin dogayen wasannin talabijin na Sin da ake turawa a waya yanzu, masu kashi 40 ko 50, yakan cinye kashi uku yana jiran a kaure da faɗa. Sai ya tarar da mutane cikin riguna masu jan ƙasa suna ta gaisuwa, suna shan shayi, suna gardama kan wane ne almajirin wane. Ranar da aka zare takobi kuma, mutum ya tashi sama ya tsaya a kan reshen gora. A nan wasu ke ajiyewa su ce ƙaryar ta yi yawa. Ni a ganina gaisuwar nan da gardamar nan su ne ƙashin bayan wasan. Duk wanda ya zare takobi a cikin waɗannan labarai akwai bashin da yake biya ko yake bi, na jini, na tarbiyya, na alkawari ko na alheri, kuma wanda bai bi lissafin bashin ba tsalle-tsalle kawai zai gani.

Rassa biyu ne ake haɗa su a baki ɗaya. Akwai wuxia, inda jaruman 'yan Adam ne a cikin tarihin Sin. An zuzuta ƙarfinsu, suna gudu a kan rufin ɗaki, suna taɓa jijiya mutum ya sandare, amma suna tsufa suna mutuwa. Akwai kuma xianxia, inda ake neman dawwama, ana hawa takobi a keta gajimare, ana yaƙi da aljanu da dodanni, shekaru kuma da dubbai ake ƙirga su.

Na farkon tsoho ne ƙwarai. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce masanin tarihi Sima Qian ya ware babi guda ga mutanen da ke yawo da takobi suna taimakon wanda aka zalunta, ya yaba musu cika alkawari. Kafin shi, Han Fei, mai ra'ayin cewa doka ce kaɗai ke riƙe ƙasa, ya lissafa masu takobin cikin miyagun ƙwarin da ke cin daula. Wannan saɓani bai taɓa mutuwa ba. Daga 1928 wani kamfani a Shanghai ya yi ta fitar da fim kan ƙona haikalin Red Lotus har kashi 18, jama'a na tururuwa, sai gwamnatin Kuomintang ta haramta irin waɗannan finafinai a 1931 da hujjar suna yaɗa camfi. Bayan 1949 gwamnatin kwaminis ita ma ta toshe ƙofar. Hukuma ba ta cika son labarin mutumin da ke yanke wa azzalumi hukunci ba tare da ya je gaban alƙali ba.

Don haka a Hong Kong da Taiwan abin ya sake toho. A Janairun 1954 aka yi wata karawa a Macau tsakanin malaman faɗa biyu, Wu Gongyi da Chen Kefu. Wasan bai daɗe ba aka tsayar da shi, amma surutunsa ya cika gari, sai jaridar New Evening Post ta sa ma'aikacinta Liang Yusheng ya fara rubuta labarin jarumta kullum. A 1955 abokin aikinsa Louis Cha ya bi sahu da sunan alƙalami Jin Yong. Daga nan zuwa 1972 ya rubuta labarai 15, ya kafa jaridar Ming Pao a 1959, ya rasu a 2018. Har yau gidajen talabijin ba su daina sake shirya littattafansa ba.

A duba The Legend of the Condor Heroes, wanda ya fara fita a 1957. Wasu aminai biyu masifa ta faɗa musu matansu na da ciki. Wani malamin addinin Tao mai suna Qiu Chuji da wasu mayaƙa bakwai daga kudu suka yi faɗa bisa rashin fahimta, maimakon su ci gaba da zubar da jini sai suka ƙulla sharaɗi: kowane ɓangare ya nemo ɗaya daga cikin yaran ya horar da shi, bayan shekara 18 a haɗu a garin Jiaxing a ga wanda ya fi. Mutum bakwai ɗin nan shekara shida suka yi suna nema kafin su tsinci Guo Jing a hamadar Mongoliya, a sansanin Genghis Khan, suka kuma tarar da yaron ba shi da saurin fahimta. Ba su juya ba, don sun riga sun furta magana. Ɗayan yaron, Yang Kang, mai kaifin basira, ya tashi a gidan yariman daular Jin, mutumin da ya ƙulla rushe gidan ubansa. Da ya gane gaskiya sai ya zaɓi rigar sarauta. Shi kuwa Guo Jing, da Genghis Khan ya umarce shi ya kai wa daular Song hari, sai ya tsaya tsakanin wanda ya rene shi da ƙasar ubansa, har uwarsa ta kashe kanta don kada a yi garkuwa da ita a tilasta shi. Babu dabarar takobin da ke warware wannan ƙulli.

Wurin da na fi so a labarin ma ba fagen fama ba ne, bakin murhu ne. Huang Rong, yarinyar da ke son Guo Jing, ta shafe kaza da laka ta gasa. Tana fasa lakar sai ga wani almajiri da sandar gora da gorar giya, yatsunsa tara, yana haɗiyar yawu. Hong Qigong ke nan, shugaban ƙungiyar mabarata, ɗaya daga cikin manyan gwanayen zamaninsa, wanda ya datse yatsansa da kansa saboda kwaɗayi ya taɓa sa shi sakaci da wani muhimmin aiki. Ya ci kazar, ya rasa abin biya, kuma shi mutum ne da ba ya kwana da bashin kowa. Yarinyar ta gano lagonsa. Kullum sai ta yi sabon girki, kullum shi kuma sai ya koya wa saurayin nata bugu ɗaya daga cikin bugun tafi 18 da ya shahara da su. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Sai da ya koyar da 15 sannan ya tsere, kuma duk tsawon lokacin ya hana a kira shi malam, don ya san ranar da yaron ya durƙusa ya kira shi da wannan suna, wani sabon nauyi ya hau kansa har mutuwa. Lokacin da gidan talabijin na TVB ya shirya labarin a 1983 cikin kashi 59, da Felix Wong da Barbara Yung, duwatsun da ke ɗakin ɗaukar hoto kowa na ganin na bogi ne. Bai hana wasan mamaye babban yankin Sin ba da aka sake buɗe ƙofa a shekarun 1980.

Duniyar da waɗannan mutane ke yawo a ciki ana ce mata jianghu: masauƙan baƙi, hanyoyin fatake, makarantun faɗa a kan duwatsu, inda suna ya fi takardar hukuma amfani. A nan Jin Yong ya fi nuna haƙoransa. The Smiling, Proud Wanderer ya fito tsakanin 1967 da 1969, daidai lokacin da Juyin Al'adun Sin ke cin mutane a ƙetaren iyakar Hong Kong, kuma da gangan bai ɗora shi a kan wata daula ba. Mugun da ke cikin labarin shi ne Yue Buqun, shugaban makarantar da ake ganin ta fi kowa tsafta, mai taushin murya, Musa a baki Fir'auna a zuci. Ya kori almajirinsa da sunan kare mutunci, alhali shi ne ya sace littafin sirrin takobi, har ya dandaƙe kansa domin ya iya koyon abin da ke ciki. Tun daga nan duk mai kallo da ya saba ya san idan aka tara manyan makarantu suna kiran kansu masu gaskiya, to a sa musu ido.

Reshe na biyu, wato xianxia, shi ya cika wayoyi a yau. Tushensa na zamani littafin Huanzhu Louzhu ne kan masu takobin duwatsun Shu, wanda ya fara fita a 1932, amma intanet ce ta yi masa taki. Shafuka irin su Qidian da Jinjiang sun tara dubban marubuta masu sakin babi kullum, kamfanoni kuma na sayen wanda ya fi masu karatu. Chinese Paladin na 2005, wanda aka ciro daga wasan kwamfuta, ya buɗe hanya, sai The Journey of Flower a 2015 da Eternal Love a 2017. Ginin duniyar daga addinin Tao da na Buddha da almarar gargajiya aka aro shi: mutum ya zauna ya tara ƙarfin numfashi a mararsa, ya hau mataki bayan mataki, a kan gaɓa tsawa ta faɗo masa a matsayin jarrabawa. Samaniyar ma fadar sarkin Sin ce aka ɗaga sama, da yarima mai jiran gado, da ma'aikatan rajista, da kishi tsakanin matan fada. Wanda ya karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi ko littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ba zai ruɗe ba, ya san inda hikaya ta tsaya.

Ƙorafina a kan wannan reshe ba na tashi sama ba ne. Matsalar ita ce bashi ya yi arha. A Eternal Love jarumar shekararta 140,000, 'yar sarki ce tun haihuwa. Ta yi tsalle daga dandamalin halaka ba ta halaka ba, ta sha maganin mantuwa ta manta baƙin cikinta, mijin ya mutu ya dawo. Idan mutuwa ƙofa ce mai buɗewa ta baya, sadaukar da rai ya zama ado. Talaka kuma, wanda tsohon jarumi ke zare takobi dominsa, ya koma wani taro can ƙasa da ake ambata idan ana so a nuna girman soyayya: za a ƙone duniya uku saboda mace ɗaya. Guo Jing da guminsa ya samu abin da ya samu. Da yawa daga cikin jaruman yanzu gado suka ci, ko wani ƙarfi ne aka rufe a jikinsu yana jiran kashi na 30.

Yadda ake aikin ma ya taimaka. Yawanci a Hengdian ake ɗauka, wani makeken garin fim a lardin Zhejiang da aka fara ginawa a 1996. Ana rataye ɗan wasa da siraran wayoyin ƙarfe a gaban koren ƙyalle, fanka na kaɗa masa gashi, ya miƙa yatsu biyu, sauran aikin na masu kwamfuta ne. Sau da yawa muryar da ake ji ma ba tasa ba ce, ta ƙwararren mai ɗora murya ce. Tsofaffin 'yan wasan Hong Kong da yawa daga makarantun wasan gargajiya suka fito, jikinsu ya san duka. Na yanzu galibi fuska aka ɗauka da yawan mabiya. Ga kuma ciniki da ake yi da yawan kashi, wanda ya sa ake tsinka labari kamar mai nonon da ta ga kasuwa ta yi kyau ta ƙara ruwa, har hukumar rediyo da talabijin ta Sin ta fitar da sanarwa a 2020 tana neman kada wasa ya wuce kashi 40.

Duk da haka ba zan yi musu kuɗin goro ba, saboda The Untamed na 2019. Kashi 50 ne, Tencent ta fitar, Xiao Zhan da Wang Yibo suka ja shi. Daga littafin intanet na Mo Xiang Tong Xiu aka ciro shi, inda alaƙar jaruman biyu ta soyayya ce, amma a talabijin aka mayar da ita aminci saboda dokokin tacewa. Kwalliyarsa ba ta kai ta wasu ba, dodanninsa ma wani lokaci dariya suke ba mutum. Abin da ya riƙe shi tsohon lissafin nan ne. Wei Wuxian maraya ne da gidan Jiang suka rene shi. Da aka rushe gidan, ɗan maigidan ya rasa tushen ƙarfinsa, sai Wei ya sa aka ciro nasa aka dasa masa a ɓoye, bai faɗa wa kowa ba. Tun da ba shi da sauran ƙarfin riƙe takobi, ya koma haramtacciyar hanya, yana busa sarewa yana sarrafa matattu. Lokacin yaƙi da wani gida mai suna Wen, manyan gidaje sun yi ta yaba masa. Da aka ci nasara, ya tsaya ya kare ragowar mutanen Wen, tsofaffi da mata da ƙaramin yaro da ake azabtarwa, sai waɗanda suka yi masa tafi jiya suka taru suka sa masa sunan shaiɗan. Amininsa Lan Wangji, ɗan gidan da ke da dokoki sama da 3,000 rubuce a jikin dutse, ya sha bulala saboda ya tsaya masa. Shi ma Wei ya mutu ya dawo bayan shekara 16, amma dawowar ba ta goge komai ba. Waɗanda suka mutu ta dalilinsa ba su tashi ba, kuma ranar da ɗan maigidan ya gane ƙarfin wa yake taƙama da shi duk shekarun nan, wannan ganewar ta fi kowane sara ciwo.

A wajenmu waɗannan wasanni ta tashoshin StarTimes suke shigowa, da YouTube, da shagunan masu tura finafinai, wasu da fassarar Hausa. Fassarar ta kawo su kusa da mutane, sai dai wani lokaci mai fassara kan dunƙule doguwar muhawara cikin jimla ɗaya da barkwanci don a yi saurin isa wurin faɗa, sai mai kallo ya rasa wa ke bin wa. Mai son shiga wannan fage ya fara da The Legend of the Condor Heroes, na 1983 ko na 2017 mai kashi 52, kafin ya taɓa masu hawa gajimare. Idan kuma ya ga an datse masa zaman shayi da gaisuwar malami da almajiri, ya mayar wa mai shago ya nemi cikakke.