Jinjina Ga Maƙwabtan Masu Tafiya Da Mage

Wanda bai taɓa shirya wa mage tafiya a jirgin sama ba zai ɗauka wasa ne. Daga Najeriya zuwa Ingila, sai likitan dabbobi ya sanya mata 'yar na'urar shaida mai lambobi 15 a ƙarƙashin fata, ya yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare. Bayan kwana 30 a ɗebi jininta a gwada, sannan a jira wata 3. Ƙa'idar jiragen sama kuma ta ce kejin da za a sa ta a ciki ya ishe ta tsayawa, juyawa da kwanciya.

A wannan doguwar hidima ake gane maƙwabcin kirki. Shi zai ba da aron mota a kai ta asibiti. Ranar da aka kwashe kayan gida, ɗakinsa za ta koma, ya riƙa ajiye mata abinci cikin kejin har ta saba da shi, tunda likitoci ba sa son a ba dabba maganin barci a jirgi. Matarsa ce za ta shimfiɗa tsohon zanen uwar gida a ciki, don ƙamshin da magen ta sani ya kwantar mata da hankali. Da asuba ya raka masu tafiyar filin jirgi, ko kuɗin mai ba zai karɓa ba.

Wasu za su ce duk a kan mage? Tausayin dabba da haƙƙin maƙwabtaka ne suka haɗu. Irin waɗannan maƙwabta sun cancanci godiya, Allah ya saka musu da alheri.