Littafin Waya: Tatsuniya Ce Ko Ƙagaggen Labari?

Hutun da ya wuce a gida na yi shi, wato Nariya ta ƙasar Kibiya. Da an sallame Isha'i sai in ga 'yan matan gidanmu sun kewaye wayar yayarsu, ɗaya tana karantawa, saura sun kasa kunne. Abin da ake karantawa kuwa shi ne shafin labarin da wata marubuciya take saki kullum a zauren WhatsApp. Ran da wayar ta mutu, karo-karo suke yi su kai wa mai caji. To, rubutun da ya shiga ƙauye haka, bai kamata manazarta su ci gaba da yi masa kallon hadarin kaji ba.

Mai karatu ya san cewa a gasar 1933 sai da Abubakar Imam ya kammala Ruwan Bagaja, Rupert East ya duba, sa'an nan aka buga. Marubutan Adabin Kasuwar Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino ba su jira kamfani ba, amma su ma sai sun kai ƙarshen kashi guda kafin su nufi maɗaba'a. Marubuciyar waya ita ba ta jiran kowa. Shafin da ta rubuta da hantsi, kafin la'asar an karanta an yi mata sharhi.

A nan ne matsalar zubi da tsari take. Bisa al'ada, shafukan farko kyauta ne, saura sai an biya. Saboda haka dole kowane shafi ya tsaya a inda rai zai biya, ko jigo ya bukaci haka ko bai bukata ba. A labarin da na saurara, sau uku ana shirin ɗaura aure ana fasawa, ba don komai ba sai don kada tafiya ta ƙare. Akwai ma wata kishiya da masu sharhi suka taso da tsinuwa, kwana biyu sai ga ta ta yi hatsarin mota. Ashe ke nan ba marubuciya kaɗai ke riƙe da linzami ba.

Ta fuskar harshe, ƙugiya ta ɓace, ba a bambanta kafa da ƙafa, an cakuɗa Hausa da Ingilishi har cikin maganar tsofaffi. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wurin da labarin yake aukuwa. Tauraro matuƙin jirgi ne, gida a Abuja, hutu a Dubai. Ƙauye bai fito ba sai da za a ɗauko 'yar aiki. Yarinyar da ta yini tana ɓarar gyaɗa a Nariya ba ta ga mai kama da ita ba, in ban da wadda ake yi wa dariya. Alhali kuwa Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, ga duwatsunta, ga masuntan Tiga, ga 'yan cirani da matan da suke bari a gida. Duk waɗannan ba su isa jigo ba?

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Matan da ba su taɓa taka kantin littattafai ba yau suna karanta Hausa kullum, wasu ma suna rubutawa, har suna shiga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Kuma in an lura, zaman nan na bayan Isha'i, da tsoma bakin masu sauraro, da alkawarin ci gaba gobe, ba baƙon abu ba ne. Haka kakanninmu suke yin tatsuniya.

Don haka shawarata ga 'yan ƙungiya ita ce mu auna littafin waya da mudu biyu, na rubutaccen adabi da na adabin baka. Ga marubuciya kuma, gwaggo mai tatsuniya takan saurari yara, amma ta san inda za ta ce ƙurunƙus tun kafin ta buɗe baki. Wannan shi ne darasin da ya rage a koya.