"Katako ya fi ƙarfe ƙarfi"? Tsaya tukuna

Idan ka taɓa tsayawa a bakin iyakar Jibia, ƙila ka ga tirela shaƙe da katakon kurmi ta nufi Ɗan Issa da Maraɗi. Itacen nan ya girma a inda ruwa ya wadata, zai kuma ƙare a rufin wani gida a Sahel. Riƙe hotonsa a ranka, za mu dawo kansa.

A shekarar 2018, mujallar Nature ta buga aikin tawagar Liangbing Hu ta Jami'ar Maryland a Amurka. Sun dafa katako a cikin sinadarai, suka matse shi a kan zafin digiri 100. Kaurinsa ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari, ƙarfinsa ya ninka fiye da sau goma. Aiki ne mai kyau. Matsalar ita ce yadda aka riƙa yayata shi, har wasu suka ɗauka cewa duk abin da aka yi da matsattsen katako zai gaji wannan ƙarfin, ciki har da CLT.

CLT falankai ne da ake jerawa hawa-hawa a manne da gam, kowane hawa ya gitta na ƙasansa, kamar yadda magina ke gitta azara a rufin soro. An bunƙasa shi a Ostiriya da Jamus a shekarun 1990, yau kuma ana yin daɓen dogayen benaye da shi, irin su Ascent mai hawa 25 a Milwaukee, wanda aka kammala a 2022.

To ina raunin CLT yake? A hawan da ya gitta. Jera karan dawa a ƙasa, ka ɗora allo a kai, ka tura. Karan ba zai karye ba, mirginawa zai yi. Haka zaruruwan hawan tsakiya ke yi idan daɓe ya ɗauki nauyi. A katako mara nauyi da aka saba yin CLT da shi, abin da zai jure kafin ya mirgina bai wuce megafaskal 1 zuwa 2 ba. Shi kuwa "sau goma" ɗin nan, ƙarfin ja ne a bin tsawon zare. Ka ga an amsa wata tambaya, an bar wata.

A yi adalci: katako mai nauyi yakan fi jure mirginawa, kuma matsewa tana toshe ramukan cikin itace, don haka tana iya taimaka wa hawan tsakiya. Amma akwai abu uku da masu yabo ke tsallakewa.

Na farko, gam. Yana kamawa ne idan ya ratsa ƙofofin itace. Ka toshe su, ka samu fuska mai santsi, sai raunin ya iya komawa layin gam.

Na biyu, kauri. Taurin falanki wajen ƙin lanƙwasawa yana bin kauri sau kauri sau kauri. Ka matse shi, ka yi asarar kauri, ga kuɗin wuta da sinadari a kai.

Na uku, kuma mafi girma a wurinmu, laima. Matsattsen katako yana "tuna" siffarsa ta da. Ya sha ruwa, sai ya kumbura ya nemi komawa, in ba a yi masa wani magani na musamman ba. Yanzu koma ga tirelar Jibia. Katakonta zai ga bushewar hunturu mai tsaga leɓe, ya ga laimar Agusta, shekara bayan shekara. Kafintocin Katsina sun san yadda ƙofa ke cijewa da damina ta saki da rani. A cikin CLT kuwa, hawa ɗaya na kumbura ta nan, maƙwabcinsa ya riƙe shi ta can, gam ne ke shan wahala a tsakani.

Saboda haka duk ranar da aka tallata maka "katakon da ya fi ƙarfe", ka tambaya: an gwada mirginawar hawan tsakiya, ko ja kawai aka auna? A ina samfurin ya fashe, a itace ko a gam? An jiƙa shi an busar sau da yawa kafin gwajin? In babu amsa ta ukun, alƙaluman na ɗakin gwaji ne, bai kamata ka kwantar da iyalinka a ƙarƙashinsu ba tukuna.