Shinge da Sulalewa: Yadda Ake Ƙera Maki a Gasar EuroLeague

Daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya daga lokacin da ƙwallo ta zo hannunta zuwa lokacin da dole ta jefa ta kwando. Kafin takwas na farko su cika sai ta tsallake layin tsakiya. A ɗan abin da ya rage ne mutum biyar za su raba wasu mutum biyar da wurin da suke gadi, a rabin fili mai faɗin mita 15 da tsawon mita 14. A gasar EuroLeague, wadda ita ce ƙololuwar ƙwallon kwando ta ƙungiyoyin maza a Turai, dokoki sun ƙara wa wannan aiki wuya. Layin maki uku yana mita 6.75 daga kwando, ya fi na NBA ta Amurka kusa, don haka masu tsaro ba sa warwatsuwa da nisa. Dogon da ke gadin kwando an yarje masa ya tsaya ƙarƙashinsa iya son ransa, alhali a NBA daƙiƙa uku kawai ake ba shi in ba ya riƙe da kowa. Wasan kuma minti 40 ne, na can 48. Fili a matse, lokaci a ƙure, ga ƙato zaune bakin ƙofa. Duk makin da ka gani a allo, sai da aka ƙera shi.

Makamin da aka fi ƙera shi da shi 'yan wasa na ce masa fik-an-rol, mu kuma mu kira shi shinge da sulalewa. Mutum biyu ke fara shi: mai rabon ƙwallo, wanda galibi shi ne mafi saurin ƙafa da kaifin ido, da kuma dogon ƙungiya. Dogo zai zo ya tsaya a hanyar wanda ke gadin mai ƙwallo, ya zama shinge, sannan ya juya ya sulale zuwa kwando. A baki ya ƙare ke nan. A fili kuwa, kowane taku nasa yana da ilimi.

Fara da gudun dogo. Daga ƙarƙashin kwando yake tasowa, kuma yadda ya taso shi ke yanke rabin hukuncin. In ya zo yana jan ƙafa, mai gadinsa zai biyo shi a natse, har ya sami sararin ɗaga murya ya gaya wa abokinsa ta wane ɓangare shingen ke zuwa. In kuwa ya taso da gudu na gaske, mai gadin zai iso a makare da taku ɗaya, kuma takun nan ɗaya shi ake nema tun farko. Yana isowa sai ya tsaya cak, kamar an dasa shi: ƙafafu biyu a ƙasa, a ɗan ware, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a naɗe a jikinsa. Mutum mai nauyin fiye da kilo ɗari ya taho a guje ya tsaya a taku biyu ba tare da ya yi tangaɗi ba, wannan kaɗai aikin shekaru ne. Idan jikinsa na motsi a lokacin da aka yi karo da shi, ko ya turo ƙugu, ko ya miƙo gwiwa, alƙalin wasa zai busa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, a rubuta masa laifi. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa a Turai. Sai kuma kusurwar tsayuwa. Bayansa zai fuskanci inda yake so abokinsa ya bi, ƙirjinsa kuma ya saiti ƙugun mai gadi ta baya-baya, yadda ba shi da mafita sai ya kewaya ta sama, ta doguwar hanya. In ya goce da tafin hannu ɗaya, mai gadin zai zille ta ƙasa ya tari gaban mai ƙwallo, aikin ya tashi a banza.

Shi mai ƙwallo, abu na farko da ake koya masa haƙuri ne. Da yawa daga laifin da ake busa wa dogaye, gaggawar mai ƙwallo ce ke jawo shi, don ya tashi tun dogon bai gama dasa ƙafa ba. Gwani yakan jira. Yana jiran nan kuma yana aiki: ya buga ƙwallo sau ɗaya ko biyu zuwa ɗaya ɓangaren, ya karkata kafaɗa kamar can zai bi, har mai gadinsa ya jingina nauyinsa a ƙafar da ba ita ba. Sannan ya juyo ya wuce ta jikin dogo, kafaɗarsa na gogar ƙugunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai gadi na EuroLeague tsagar da bai fi faɗin ƙafa ba ta ishe shi ya kutsa. Da ya wuce shingen, wanda bai ƙware ba sai ya zuba a guje. Ƙwararre rage gudu yake yi. Ya sa mai gadin da ya makara a bayansa, ya tokare shi da gadon baya yadda ba zai iya dawowa gaba ba, yana buga ƙwallo ƙasa-ƙasa, kansa a ɗage. Yanzu su biyu ne, shi da dogonsa, a kan mai tsaro ɗaya.

Dogon kuma, da ya ji an yi karo da shi, sai ya juya a kan ƙafa ɗaya ya buɗe ƙirji wajen ƙwallo, ya gangara kwando da hannu a ɗage, yana nuna inda yake so a jefo. Masu kallo a Girka har yau suna tuna Dimitris Diamantidis da Mike Batiste na Panathinaikos, waɗanda suka ci kofin nan tare a 2007, 2009 da 2011 a ƙarƙashin koci Zeljko Obradovic. Duk Turai ta san abin da za su yi, kuma sanin bai hana su yi ba, domin Diamantidis, bahago mai dogon hannu, yakan riƙe ƙwallon har sai mai tsaro ya nuna zaɓinsa, sannan ya ba shi akasin abin da ya zaɓa.

Masu tsaro ba a zaune suke ba, suna da amsoshinsu, kuma a nan karatun yake. Wani dogon mai tsaro ba ya fitowa ko kaɗan, baya yake ja ya tsare bakin kwando. Wannan ita ce hanyar Edy Tavares na Real Madrid, ɗan tsibiran Cape Verde mai tsawon kusan mita 2.20, wanda bai fara wasan ba sai yana ɗan shekara 17. Yana ja da baya taku-taku, hannuwa a buɗe, yana tsorata mai ƙwallo yana kuma rufe hanyar mai sulalewa a lokaci guda. Maganinsa jifa daga tsaka-tsaki, ko a lailaya ƙwallon sama ta wuce yatsunsa ta sauko a hankali. Wani kuma fitowa yake yi da ƙarfi, su biyu su rufe mai ƙwallo. To a nan dogon da ya kafa shinge ba zai yi nisa ba, zai tsaya wajen layin jifan kyauta ya karɓi ƙwallo, ya zama shi ne mai rabo, da mutum huɗu a kan uku. Wasu musanya suke yi: kai riƙe nawa, ni in riƙe naka. Hakan na toshe tsagar nan take, amma yana barin dogo mai nauyin ƙafa a gaban gajere mai sauri, da gajere a bayan ƙato a ƙarƙashin kwando. In kuwa mai gadi ya raina jifan mai ƙwallo ya bi ta ƙarƙashin shinge, sai a hukunta shi da maki uku, ko dogon ya juyo ya sake kafa masa wani shingen ta ɗaya gefen, taku ɗaya kusa da kwando. Duk wannan karatu cikin ƙiftawar ido ake yin sa, da numfashi sama-sama, ga dubban mutane suna ihu a kunne.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin sauran ukun da ba su taɓa ƙwallon ba. Idan dogo ya sulale, dole wani mai tsaro ya baro mutuminsa daga ɗaya ɓangaren ya zo ya tare shi, ko da na ɗan lokaci ne. Wanda aka baro ɗin, galibi mai jifan da ke tsaye a kusurwa, shi ne ainihin abin da gwanin mai rabo ke kallo tun kafin ya wuce shingen. Mai kasala a wannan kusurwa zai tsaya yana kallon wasa kamar ya sayi tikiti, hannuwa a sake, kuma in ƙwallo ta zo sai ya ɓata rabin daƙiƙa yana gyara ƙafa. Mai himma yana tsaye gwiwa a lanƙwashe, tafukan hannu a buɗe, idonsa a ƙeyar mai gadinsa. Da ƙeyar ta juya, ko ya matso sama inda mai ƙwallo zai gan shi, ko ya zille ta layin baya zuwa kwando. Sasha Vezenkov na Olympiacos, ɗan Bulgeriya, da irin wannan aiki ya zama gwarzon kakar 2022/23. Sau da yawa yakan ci makinsa ba tare da ya buga ƙwallo a ƙasa ba ko sau ɗaya: ya gudu, ya ɓuya a bayan shinge, ya karɓa, ya saki da hannun hagu kafin mai gadi ya ɗaga nasa.

Akwai kuma wani ƙarin dabara da ake laƙaba wa sunan Sifaniya. Dogo na sulalewa, sai mutum na uku, mai iya jifa, ya zo ya kafa wa mai gadin dogon nasa shingen ta baya, inda ba ya gani, sannan shi ma ya fice bayan layin maki uku. Masu tsaro uku ke nan dole su fahimci juna cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kuskuren ɗaya ya isa.

Kakar wasa ita ke gwada ko wannan ilimi ya zauna a jiki. A 2022/23 ƙungiyoyi 18 ne suka fafata, kowace ta kara da kowace gida da waje, wasa 34 daga Oktoba zuwa Afrilu. Wasu makonni wasa biyu ake yi a tsakiyar mako, a ƙarshensa kuma ga gasar cikin gida tana jira. Yau Belgrade, jibi Istanbul, Lahadi a koma Sifaniya ko Girka. Lokacin atisaye kaɗan ne, don haka da yawan shirin a ɗakin kallon bidiyo ake yin sa. Mataimakan koci suna yanka wasannin abokan hamayya gunduwa-gunduwa: wane ya fi son bin dama, wane ba ya jifa in an tura shi hagu, wane dogo ne ke jinkirin juyawa. Alamar hannu da koci ya yi amfani da ita a Nuwamba, kafin Janairu kowa ya haddace ta. Dole a riƙa sauya ƙofar shiga, a miƙa ƙwallo hannu da hannu kafin shingen, ko a sa wani ya tare mai gadin dogo tun yana tasowa, amma ainihin aikin yana nan yadda yake.

A kakar 2022/23 ɗin, Olympiacos ta koci Georgios Bartzokas ce ta gama a saman teburi da nasara 24, da wasa mai yawan miƙe-miƙe wanda har dogonta Moustapha Fall yake rabon ƙwallo kamar gajere. Real Madrid kuwa ta sha da ƙyar a zagayen gaba, inda ake neman wanda zai fara cin wasa uku cikin biyar. Partizan ta Obradovic, mai kofin nan tara da ƙungiyoyi biyar, ta cinye ta sau biyu a Madrid. Real ta je Belgrade, gidan Partizan, ta rama biyun, ta dawo gida ta ci na biyar, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi a wannan tsari kafin ita. A irin wannan karo biyar a jere babu sauran sirri tsakanin ɓangarorin, sai wanda ya fi iya dasa ƙafa da karanta ƙeya.

A watan Mayun 2023 ƙungiyoyi huɗun da suka rage suka haɗu a Kaunas ta ƙasar Lituweniya, inda wasa ɗaya ke raba gardama. Olympiacos ta fitar da Monaco bayan ta ci maki 27 an ci ta 2 kacal a zango na uku. Real ta fitar da Barcelona. A wasan ƙarshe Vezenkov ya zuba maki 29, kuma saura 'yan daƙiƙu Olympiacos na gaba da maki ɗaya, 78 da 77. Kocin Real, Chus Mateo, ya damƙa ƙwallon a hannun Sergio Llull, ɗan shekara 35, wanda bai ci ko maki ɗaya ba a daren. Llull ya jira agogo ya ci, ya kutsa ta dama, ya tarar da Fall a gabansa, mutum mai tsawon mita 2.18 da hannu a miƙe. Ya san ba zai kai kwando ba, ya kuma san jifa ta yau da kullum za a mare ta. Sai ya tashi yana jan jiki baya, ya ɗaga ƙwallon sama fiye da yadda aka saba, ta haye yatsun Fall ta faɗa raga saura kimanin daƙiƙa uku. Kostas Sloukas na Olympiacos ya sami jifa ta ƙarshe, ba ta shiga ba. Aka tashi 79 da 78, Real Madrid ta ɗauki kofinta na 11, Tavares kuma aka ba shi kyautar gwarzon wasannin Kaunas.