Harshen da ke Karanta Gona

Ko wanda bai taɓa kusantar giya ba, idan ya ga gwanin ɗanɗano yana aiki a Mendoza, sai ya jinjina masa. Wannan lardi na yammacin Ajantina busasshiyar ƙasa ce a gindin tsaunukan Andes, da ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga duwatsu ake shayar da gonakin inabinsa. A nan irin inabin Malbec, wanda masanin noma Michel Pouget ya kawo daga Faransa a shekarun 1850, ya samu wurin zama har ya fi suna a kan na gida.

Gwani da ido yake farawa. Yakan karkata tambulan a kan farar takarda: sabuwar Malbec ja ce mai duhu, tana ɗan komawa shunayya, wadda ta kwana biyu kuwa gefenta launin jan bulo yake ɗauka. Sai ya jujjuya ta domin iska ta shiga, ya sa hanci. Ƙamshin nunannun 'ya'yan itace da na fure daga inabin suke. Na vanila ko hayaƙi kuma daga gangar katakon da aka adana ta a ciki. In ya ji warin jiƙaƙƙen kwali, murfin kwalba ne ya ɓata ta, magana ta ƙare.

A baki ake yanke hukunci. Yakan kurɓi kaɗan, ya zuƙo iska ta tsakanin haƙora, ya zagaya da ita, sannan ya tofar, don wanda ya haɗiye ba zai kai kofi na goma da hankalinsa ba. Yana auna tsami, da nauyi, da bauri, wato ɗaurewar nan irin ta goro, wadda ke fitowa daga ɓawo da ƙwayar inabi. Daga nan ne yake gane gona. A Kwarin Uco, inda gonaki da yawa suka haura mita 1,000, rana na dukan inabi har ɓawonsa ya yi kauri, sanyin dare kuma ya hana tsaminsa gudu. Giyar gonakin ƙasa-ƙasa, inda zafi ya fi, ta fi laushi da nauyi.

Sau da yawa a rufe ake kawo masa kwalaben, babu suna babu farashi. Abin da zai dogara da shi kawai shi ne ƙamshi da ɗanɗanon da ya shekara yana tarawa a ka, kuma da hukuncinsa ake zaɓar gangar da za a haɗa da wadda za a ware.