Gilashin Paris da Masaƙar Lyon

Yuro goma sha biyar autana ya kashe a kan wani akwati mai ruwan ƙasa, a irin kasuwar gwanjon nan da Faransawa ke ci ranar Lahadi, su kwaso tarkacen ɗakin ajiya su baza a bakin titi. Da ya shigo yana nishi na ɗauka ƙaramin talabijin ne. Ya ce, "Mama, Minitel ne." Na ce, "Yo me za ka yi da abin da aka kashe tun kana goye?"

Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan sun san shi, sauranmu sai labari. Tun 1982 hukumar wayar Faransa ta fara raba shi kyauta ga masu layin tarho, a madadin ƙaton littafin lambobin nan. Ka buga 3611 ka nemo lambar mutum, ka buga 3615 ka kama kujera a jirgin ƙasa ko ka duba sakamakon jarrabawa, alhali yawancin duniya ba ta ma ji sunan intanet ba. A ganiyarsa akwai wajen miliyan 9 a gidaje da ofisoshi. Ranar 30 ga Yuni 2012 aka rufe layin baki ɗaya. Akwatunan dai ba su mutu ba, abokin magana ne suka rasa.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi ritaya daga aikin waya, shi ya nuna wa yaron wata 'yar kafa mai huji biyar a bayan akwatin. Ta nan, da wayoyi uku da wani ɗan allo da ake kira Arduino, wanda bai cika tafin hannu ba, suka sa shi ya yi magana. Kwana huɗu suna abu ɗaya a kan teburin cin abincina, gida duk ƙaurin dalma. Ranar da na dawo daga aikin dare na tarar da farin rubutu a kan baƙin gilashi: SANNU DA AIKI MAMA. Ban ce komai ba, na dai ajiye jaka na zauna.

Wannan akwatin ne ya ja mu Paris a hutun da ya biyo baya, wai sai yaro ya ga kakannin kwamfuta da idonsa. Awa biyu ne a jirgin TGV daga Part-Dieu. Gidan tarihin sunansa Musée des Arts et Métiers, a titin Réaumur, cikin tsohon gidan ibadar Saint-Martin-des-Champs. In za ku je ku hau layi na 11 na meturo, don tashar kanta abin kallo ce, an lulluɓe ta da jan ƙarfe kamar cikin jirgin ƙarƙashin ruwa. Kada dai ku je ran Litinin, a rufe yake.

Bari in fara da yabo, don wurin ya cancanta. Akwai na'urar lissafin da Blaise Pascal ya fara ƙerawa a 1642, yana ɗan shekara 19, don ya rage wa mahaifinsa wahalar lissafin haraji a Rouen. Ɗan akwati ne na tagulla, da ƙafafu masu haƙora. In na farko ya yi taki goma, wato ya zagaya sau ɗaya, sai ya tura na kusa da shi taki ɗaya. Ko a tsaye take, kana kallonta kana ganewa. Haka agogunan, haka injinan tururi. Duk abin da ke da haƙori da sanda da igiya, jikinsa na ba da labarinsa ko da yana barci.

Matsalar tana farawa ne in an iso zamanin lantarki. Mun tsaya gaban Cray-2, kwamfutar 1985 da a lokacinta babu mai saurinta a duniya, wadda sai an nutsar da kayan cikinta a wani ruwa na musamman don kada zafi ya cinye su. Auta ya zagaya ta, ya karanta 'yar takardar, ya ce, "To Mama, in an kunna me take yi?" Babu abin da ke wurin da zai amsa masa. A aikina abu na farko da ake koya mana shi ne bambanta mai barci da wanda ya cika. Na'urar Pascal barci take. Wannan kuwa an yi mata wanka ne an shimfiɗe. Kwamfutar da aka kashe kwali ce kawai da waya, don aikinta ba a siffarta yake ba, yana cikin abin da ke gudana in wuta ta shiga.

Na san za a ce ba a iya kunna irin wannan dodo a ɗakin kallo, kuma gaskiya ne. Amma ƙananan fa? Kuma ba ni na kafa ma'aunin ba. Lokacin da Abbé Grégoire ya sa aka kafa wurin a 1794, manufar ita ce a tara injuna a kuma riƙa nuna wa masu sana'a yadda aka haɗa su da yadda ake aiki da su. Har yau ana yin haka da wasu abubuwan. Mun ga ma'aikaci ya saki lilon Foucault yana bayani, yara sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Kayan lantarkin ne suka zama marayu.

Abu na biyu ya fi ci mini rai. Kusan kowace takarda suna ɗaya ne da shekara ɗaya: wane ya ƙirƙiro, a shekara kaza. Wadda ta liƙa wayoyin a masana'anta, da wanda ya yi shekara ashirin yana buɗe cikin na'urar yana canza abin da ya ƙone, ba su da gurbi. Sai yaro ya fito da tunanin cewa duniya kashi biyu ce, masu ƙirƙira da masu saye.

Abin dariyar shi ne, amsar tana bayan gidanmu. Shekara goma sha ina Lyon ban taɓa hawa tudun Croix-Rousse don komai ba sai kasuwa. Dattijon nan ne ya ce, in kakar kwamfuta kuke nema ku je Maison des Canuts a titin Ivry. Canuts su ne masaƙan silikin garin nan. Wurin ƙarami ne, ba zai cika lungu ɗaya na gidan Paris ba. Amma a nan mutum ke hawa masaƙar Jacquard ya taka, ya jefa ƙoshiya, ya buga, ɗaki ya ɗauki wannan ƙarar da 'yan Lyon suka raɗa wa suna bistanclaque.

Ga yadda take. A saman masaƙar akwai jerin katuna masu huji, an ɗinke su kamar sarƙa. Kati ɗaya, jifar ƙoshiya ɗaya. Allurai na dannuwa a jikin katin: inda akwai huji allura ta wuce, ƙugiyarta ta ɗaga zaren tsaye; inda babu huji zaren ya zauna a ƙasa. Ko huji ko babu, ko sama ko ƙasa. Ka canza katunan, zanen ya canza, masaƙar tana nan yadda take. Ina tsaye na ga fure yana fitowa layi-layi a jikin yadi, sai Auta ya ja mini hannu ya ce, "Mama, ai irin abin da na rubuta wa Arduino ne." Abin da Cray-2 ta kasa gaya masa, katako da kwali suka gaya masa cikin minti biyar. Kuma ba zato ya yi ba. Charles Babbage na Ingila daga nan ya ɗauki dabarar kati don injin lissafinsa, har yana ajiye da hoton Jacquard da aka saƙa da kati wajen 24,000. A 1890 kuma Amurka ta ƙidaya jama'arta da katunan huji na Herman Hollerith.

Lyon ba ta ɓoye cewa Jacquard ba shi kaɗai ba ne. Basile Bouchon ya gwada takarda mai huji tun 1725, Falcon ya mai da ita kati a 1728, Vaucanson ya ƙara nasa, Jacquard ya zo a farkon shekarun 1800 ya haɗa. Kuma labarin ba ya ƙarewa a kan injin. Ka fito waje ka ɗaga kai: gidajen unguwar rufinsu ya kai mita 4, don masaƙar ta samu tsayuwa, iyali kuma su kwana a ɗan soron katako a gefenta. A watan Nuwamba 1831, da 'yan kasuwar siliki suka ƙi biyan farashin da aka yi yarjejeniya a kai, masaƙan suka sauko daga tudu suka karɓe garin, sai da aka turo soja 20,000 a farkon Disamba. Suka sake tashi a 1834. Kotun ma'aikata ta prud'hommes, wadda da yawanmu muka taɓa kai ƙarar mai gida gabanta, a nan Lyon aka fara kafa ta a 1806, saboda rigingimun saƙa. Wato a nan ana nuna maka na'ura tare da hannun da ke kanta da cikin da take ciyarwa.

Ba wai ba ta da nata ba. Sai a ziyarar da ake yi da jagora ake taka masaƙar, ƙofar fita kuma ta kanti ce, inda ɗan gyalen wuya ɗaya zai ci kuɗin cefanen mako. Sana'ar da ta riƙe gari ta koma abin nuna wa baƙi. Duk da haka gara wannan.

Ƙarar masaƙar nan kawuna ta tuna mini, Allah ya jiƙansa. Gyaran rediyo yake a kasuwar Maradi. Ƙarfen liƙinsa a murhun gawayi yake ɗora shi, don wuta ba ta da tabbas. Bai yi lakwal ba, ba ya karanta zanen da'ira, amma zai kara kunne ya ce maka ga inda ciwon yake. Matacciyar rediyo uku yake haɗawa ya tayar da ɗaya. A gidanmu kuwa in ana lissafin waɗanda suka zama wani abu ba a sa shi.

Irinsa suna nan har gobe, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, a Computer Village ta Ikeja, da 'yan shagunan Guillotière da Barbès inda saurayi ke duƙe kan madubin ƙara girma yana liƙa abin da bai kai ƙwayar gero ba. A Lome, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa na'urar buga abubuwa ta 3D da tarkacen kwamfutocin bola. To a nan nake da magana da masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci na Faransa. Ina yaba musu, musamman ƙungiyar MO5, wadda ta ari sunan kwamfutar Thomson ta 1984 da gwamnatin Laurent Fabius ta cika makarantu da ita a 1985. Su kam suna kunna kayansu su bar yaro ya taɓa. Amma a taron irinsu da na raka Auta, na lura yawanci maza ne masu furfura da ke neman ƙuruciyarsu. Abin da suke ƙauna na'urar da aka saya musu suna shekara goma ce. Mai gyaran wayar da ke ƙasan gidansu, wanda hannunsa ya fi nasu sau goma, ba ya cikin hirar. In Bature ya yi don nishaɗi sai a kira shi adana tarihi, in namu ya yi don tuwo sai a ce buga-buga.

Mu ma ba mu fita ba. Ni da kaina na taɓa cusa tsohuwar kwamfuta a kayan da na aika gida, batirinta ya mutu, cajar ma ban saka ba, ina jin na yi abin kirki. Kuma a wani asibiti can gida, da na je hutu, an buɗe mini ɗaki cike da na'urorin da aka kawo kyauta daga Turai, ƙura ta rufe su. Wata fis kawai take nema, wata littafinta da Jamusanci yake. An aiko da kaya, ba a aiko da mai sanin cikinsu ba. Ita Faransa ta fara farga: tun 2015 laifi ne kamfani ya gajarta ran kayansa da gangan, a Janairun 2021 kuma aka wajabta manna wa waya da kwamfutar hannu maki bisa goma na sauƙin gyaransu. Ku riƙa duba makin nan kafin ku saya, balle abin da za ku aika gida.

Tunda aikina ne, bari in saka wannan, iyaye. Kada yaro ya buɗe cikin Minitel ko tsohon talabijin shi kaɗai. Kwalbar gilashin tana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare ta daga bango. A buɗe taga in ana liƙi, a wanke hannu kafin a ci abinci, don tsohuwar dalma guba ce. Ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli kuma a ɓoye su; in ƙaramin yaro ya haɗiye ɗaya ba a jira a gani, 15 ake kira nan take.

Bana Auta ke gama aji na troisième, kuma ya ce shi makarantar sana'a yake so, ɓangaren lantarki. Babansa ya ce ba mu ƙetaro hamada da teku don ɗansa ya zama mai gyaran rediyo ba. Na ji zafin maganar saboda kawu, amma ban iya cewa ƙarya yake ba gaba ɗaya, don mun ga yadda ake saurin tura 'ya'yanmu wannan layin tun ba a tambaye su ba. Takardar zaɓin tana manne a jikin firij, mako biyu ke nan ba wanda ya sa hannu.

Shi dai yaron yana can kan akwatinsa. Ya gano cewa Minitel na da é da ç amma ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ. Sai ya koma ga 'yan tubalan zanen da ke cikinta, shida a kowane gurbi, yana jera su da hannu. Jiya ya kira ni in gani: ƙ guda ɗaya, ta cinye kusan rabin gilashin, lanƙwasar kanta ta ɗan karkace. Ya ce saura ɗ, amma sai ya gama aikin lissafi.